Eriya ɗaya, zango biyar: darasin masu rediyon sha'awa ga mai neman ƙara sabis

Duk wanda ya taɓa neman eriyar ƙara wa rauta ko MiFi sabis a shagunan intanet ya ga irin lambobin da ake liƙa musu: 28dBi, 35dBi, wasu har 88dBi. Kuma wai eriya ɗaya ce za ta kama 2G da 3G da 4G gaba ɗaya. Mutum ya biya kuɗinsa, a kawo masa, ya hau rufi ya ɗaura, ya sauko ya tarar sabis ɗin yana nan yadda ya bar shi.

Akwai waɗanda suka riga mu shiga wannan matsala tun shekarun 1950. Su ne masu rediyon sha'awa, waɗanda a duniya aka fi sani da suna ham. Su ma burinsu ke nan: eriya guda da za ta fuskanci wuri ɗaya ta tattara ƙarfinta can, kuma ta yi aiki a zango da yawa. Bambancinsu da mu shi ne sun zauna sun auna, sun yi gardama, sun rubuta abin da suka gani. Abin da suka gano kuwa shi ne duk eriyar da aka ɗora wa zango da yawa sai ta biya wani abu, ko dai ƙarfi, ko girma, ko kuɗi, ko sauƙin gyara. Idan mai karatu ya fahimci inda ake biyan wannan farashi, zai yi wuya a sake yaudararsa da lambar da ke jikin kwali.

Su wane ne masu rediyon sha'awa?

Mutane ne da gwamnatocinsu suka ba wa lasisin watsa saƙo ta rediyo don gwaji da ilimi da zumunci, ban da kasuwanci. Kowa yana da lambar kiransa, kuma farkon lambar ne ke nuna ƙasarsa. Najeriya 5N ce, Nijar 5U, Ghana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan kuma ST. Da na'ura mai wat 100 da eriya mai kyau, mutum yana iya magana da wani a wata nahiya ba tare da layin waya ko data ba.

Wanda ya tashi yana jin ana sanar da cewa za a kama sashen Hausa na BBC ko na Muryar Jamus a gajeren zango, mita kaza da mita kaza, ya riga ya san rabin labarin. A wannan gajeren zangon ne aka ware wa masu sha'awa nasu gurabe. Biyar daga ciki su ne suka fi shafar maganarmu: mita 20 a megahaz 14, mita 17 a megahaz 18, mita 15 a megahaz 21, mita 12 a kusa da megahaz 25, da mita 10 a megahaz 28. Na mita 17 da na 12 sun samu ne bayan taron rediyo na duniya da aka yi a Janiba a 1979.

Amfanin abin yana fitowa fili ranar da sauran hanyoyi suka mutu. A watan Satumba na 2017 guguwar Maria ta kashe sama da kashi 90 cikin 100 na turakun sabis a tsibirin Puerto Rico, har ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Amurka ta nemi ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta ARRL ta tura mata masu sa-kai su riƙa isar da saƙo.

To me ya sa ba za a zauna a zango ɗaya ba? Saboda saƙon gajeren zango yana tashi sama ne ya bugi wani sashe na sararin samaniya da ake kira ayonosfiya, sannan ya dawo ƙasa a nesa. Wannan sashe yana canzawa da dare da rana, da damina da rani, da kuma zagayen rana na kusan shekara 11. Zangon mita 10 yana iya buɗewa da hantsi ya rufe bayan faɗuwar rana, na mita 20 kuma ya ci gaba. Wanda ke da zango ɗaya kawai zai yi ta zaman jira.

Eriya da tsawonta take aiki

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata kowa ya riƙe. Ka raba 300 da yawan megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon igiyar rediyon a mita. Megahaz 14 zai ba ka kusan mita 21, megahaz 28 kuma kusan mita 10 da rabi. Eriya mafi sauƙi, wadda ake kira daifol, waya ce ko sanda mai rabin wannan tsawo, kebur yana shiga ta tsakiyarta. Ke nan zangon mita 20 yana son sanda mai kusan mita 10, na mita 15 yana son kusan mita 7, na mita 10 kuma kusan mita 5.

Matsalar ta riga ta bayyana. Sanda ɗaya ba za ta zama mita 10 kuma ta zama mita 5 a lokaci guda ba, taura biyu ba ta taunuwa. Duk dabarun da za mu gani nan gaba hanyoyi ne na zagaye wannan.

Ƙashin kifin da ke kan rufi

Eriyar talbijin mai kama da ƙashin kifi da muke gani a saman gidaje, sunanta Yagi. An ƙirƙire ta a 1926 a jami'ar Tohoku da ke Sendai a Japan. Shintaro Uda ne ya yi mafi yawan gwaje-gwajen, amma sunan Hidetsugu Yagi ne ya bi duniya, domin shi ya wallafa bayanin da Turanci a 1928.

Sanda ɗaya ce kawai kebur ke shiga. A bayanta akwai wata da ta ɗan fi ta tsawo, aikinta mayar da sigina gaba. A gabanta kuma akwai ɗaya ko fiye da suka ɗan fi ta gajarta, su ne jagorori. Dukkansu suna zaune a kan dogon bututu guda, wato ƙashin baya. Eriya ba ta ƙirƙirar ƙarfi. Ka kwatanta ƙwan fitila da ke rataye tsakiyar ɗaki da tocila: batir ɗaya, amma tocila ta kwashe hasken gefe da na baya ta tura gaba. Haka Yagi take, kuma yadda ta ƙara ƙarfin aikawa haka take ƙara na karɓa.

Sai dai tana da tsiwa. Tsawon kowace sanda da tazarar da ke tsakaninsu duk an yanka su ne daidai da zango guda. Ka matsa daga wurin da kashi kaɗan cikin ɗari, aikinta ya fara lalacewa.

Lambobi uku da ake auna ta da su

Ta farko ita ce riba, wato yawan ƙarfin da eriya ta tattara gaba. Da desibel ake auna ta. Desibel 3 ninki biyu ne, desibel 10 ninki goma, desibel 20 ninki ɗari. Eriya mai ribar desibel 5 tana sa wat 100 ya yi aikin wat 300 da ɗoriya a wajen da ta fuskanta.

A nan ake yawan yi wa mai saye wayo, domin riba kwatanci ce, dole a tambaya: a kan me? Idan an rubuta dBd, an kwatanta ta da daifol ne. Idan an rubuta dBi, an kwatanta ta da wata eriya ta lissafi kawai, mai watsa sigina daidai ta kowace fuska. Tsakanin biyun akwai desibel 2.15. Bayan haka, ƙasa tana mayar da sigina sama kamar madubi, ta ƙara wa eriya desibel 5 zuwa 6 a wata kusurwa. Don haka eriya guda ana iya rubuta mata 5 dBd, ko 7 dBi, ko kusan 13 dBi idan an haɗa da taimakon ƙasa, kuma babu wanda ya yi ƙarya ƙiri-ƙiri. Abin da ba a faɗa maka shi ne daifol ɗin da aka yi da guntuwar waya, idan aka ɗaga shi daidai wannan tsayi, shi ma yana nuna kusan 8 dBi. Rikicin ya kai mujallar QST ta ƙungiyar ARRL ta shafe shekaru da dama ba ta yarda a buga alƙaluman riba a tallan eriya a shafukanta.

Ta biyu ita ce bambancin gaba da baya. Idan an ce desibel 20 ne, siginar da ke zuwa ta baya tana raguwa ninki ɗari a kan ta gaba. Sau da yawa wannan ya fi riba amfani. Mai rediyo a Kano da ya juya eriyarsa arewa yana neman Turai, yana so hayaniyar da ke tasowa daga kudu ta yi shiru ya ji mai rauni.

Ta uku ita ce SWR, ma'aunin da ke nuna ko eriya ta dace da kebur da na'ura, waɗanda aka gina a kan om 50. Idan ya nuna 1.5, kashi 4 cikin 100 na ƙarfin ne ke komawa baya. Idan ya nuna 2, kashi 11 ne, idan 3 kuma kashi 25. Amma kyan SWR ba ya nufin kyan eriya. Akwai ɗan abin gwaji da ake jona wa na'ura a madadin eriya, yana nuna SWR 1 cif, alhali duk ƙarfin zafi yake mayar da shi. Eriyar da ke asara da yawa takan nuna SWR mai daɗin kallo.

Hanya ta farko: tarko

Wannan ce tsohuwar dabara. Ana saka wa kowace sanda wasu gwangwanaye, a cikinsu akwai naɗin waya da kafasita. Kowane gwangwani yana tare lantarkin zango guda ya bar sauran su wuce, shi ya sa ake ce masa tarko. A zangon mita 10, tarkon ciki yana tare hanya, sai tsakiyar sandar kawai ta yi aiki. A na mita 15, na waje ne ke tarewa. A na mita 20 kuwa duk sandar ce ke aiki. Mosley TA-33 da Cushcraft A3S misalai ne da suka daɗe a kasuwa, zango uku a kan sanda uku.

Farashin yana zuwa ta fuska uku. Irin wannan eriya tana iya ɗaukar tarko har 12, kowanne yana cin ɗan ƙarfi ya mayar zafi. Na biyu, sandunan sun gajarta: mafi tsawo a A3S kusan mita 8 da rabi ce, alhali cikakkiyar ta mita 20 ta haura mita 10, kuma gajartar tana rage faɗin wurin da eriyar ke aiki sosai a cikin zangon. Na uku, tazarar sanduna ba ta canzawa. Ƙashin bayan A3S mita 4.3 ne. A megahaz 14 wannan kashi ɗaya cikin biyar ne na tsawon igiya, a megahaz 28 kuma kashi biyu cikin biyar. Ya yi wa ɗaya kaɗan, ya yi wa ɗaya yawa. Ga kuma ruwan sama da ƙura da zanzaro, waɗanda ke shiga ta ramukan da aka bari don ruwa ya tsiyaye. Duk da haka ta fi daifol nesa ba kusa ba, kuma ba ta cin fili.

Hanya ta biyu: kowane zango da sandunansa

Maimakon tarko, sai a jera cikakkun sandunan kowane zango a kan ƙashin baya guda. Kamfanin Force 12 na Amurka ya shahara da wannan a shekarun 1990, sai kuma OptiBeam na Jamus. Babu asarar tarko, amma sandunan suna shiga harkar juna, na mita 20 yana iya ɓata aikin na mita 10. Sai da kwamfuta ta yi araha aka iya lissafa wannan da kyau. Farashin a nan nauyi ne da yawan alminiyam da iska za ta riƙa duka, wato hasumiya mai ƙarfi da injin juyawa mai tsada.

Spiderbeam, wadda Bajamushe Cornelius Paul ya tsara, ta bi wannan tunani da waya da sandunan faibagilas. Ta asalin tana da sanda uku a mita 20, uku a mita 15, huɗu a mita 10, faɗinta mita 10, nauyinta bai kai kilo 10 ba. Masu ɗaukar kaya su tafi tsibirai masu nisa su kafa tasha ta 'yan kwanaki suna sonta saboda tana shiga jaka.

Hanya ta uku: log-periodic

An samar da ita a jami'ar Illinois ta Amurka a ƙarshen shekarun 1950. Sanduna ne da yawa, daga doguwa a baya suna raguwa har zuwa gajera a gaba, kuma duk an jona su da layin kebur. Guda ɗaya tana iya ɗaukar megahaz 14 zuwa 30 ba tare da giɓi ba, wato duk zango biyar ɗin. Amma a kowane lokaci sanduna biyu zuwa huɗu ne kawai ke aiki, sauran suna hutu. Shi ya sa mai sanda takwas ko goma ribarta takan tsaya kusa da ta Yagi mai sanda biyu ko uku. Ka riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da ita.

Hanya ta huɗu: Hexbeam

Siffarta kamar lema da aka kifar. Sandunan faibagilas shida ne, an zagaya musu wayoyi hawa-hawa, kowane zango da wayoyinsa biyu. Mike Traffie ne ya fara fito da ita a Amurka, daga baya Steve Hunt na Ingila ya gyara tsarin a 2007 ta ƙara faɗin aiki. Faɗinta kusan mita 6 da rabi ne, ba ta da nauyi, kuma iska ba ta damunta sosai tunda kowane gefe iri ɗaya ne. Ribarta kusan desibel 3 ce a kan daifol, domin sanda biyu ce kawai a kowane zango. Ga mai ƙaramin tsakar gida ko mai son ya haɗa da hannunsa, da wuya a samu wadda ta fi ta dacewa.

Hanya ta biyar: sandar da ke canza tsawo

Kamfanin SteppIR ya tunkari matsalar kai-tsaye. A cikin bututun faibagilas akwai siririn tef na jan ƙarfe, ƙaramin inji yana tura shi ko ya naɗe shi. Ka canza zango, sandunan su canza tsawo cikin daƙiƙoƙi, har ana iya mayar da gaba ta koma baya ba tare da an juya eriyar ba. Aikinta yana kusa da na eriyar zango ɗaya, in ban da tazarar sanduna da ita ma ba ta canzawa. Farashin shi ne kuɗi mai yawa, da kuma injina da ke can saman hasumiya cikin rana da ruwa. Ranar da ɗaya ya tsaya, sai an hau ko an sauke.

Abin da ba a rubutawa a kwali: tsayi

Duk bambancin da ke tsakanin waɗannan eriyoyi bai cika wuce desibel 2 zuwa 3 ba. Tsayin da aka ɗaga eriya yana iya kawo bambancin da ya fi haka. Dalili kuwa shi ne kusurwar da sigina ke tashi. Tsalle ɗaya daga ƙasa zuwa ayonosfiya a dawo bai cika wuce kilomita 4,000 ba, kuma ba a samun wannan nisa sai sigina ta tashi kusa da kwance. Daga Kano zuwa Landan ma ya haura kilomita 4,000.

A zangon mita 20, eriyar da ke mita 5 daga ƙasa mafi yawan ƙarfinta sama yake tafiya. Ka kai ta mita 10, ƙarfin ya sauko zuwa kusurwar digiri 30. Ka kai ta mita 20, ya sauko kusan digiri 15, inda tafiya mai nisa take. Eriyar zango da yawa kuma tsayi ɗaya take da shi ga kowa: mita 10 ɗin da ya yi wa zangon mita 20 kaɗan, ya wadaci zangon mita 10. Saboda haka daifol na waya da ya yi sama sosai yana iya doke Yagi mai tsada da aka ɗora a kan katanga.

Sai kebur. Mita 30 na siririn kebur irin RG-58 yana cinye sama da desibel 2 a megahaz 28, mai kauri irin RG-213 kuma kusan rabin haka. Mutum ya sayi ribar desibel 3 da tsada, ya zubar da biyu a hanya, araha ba ta yi ado ba.

Yadda suke gano gaskiya

A ƙarshen shekarun 1990, Ward Silver da Steve Morris sun ɗaga eriyoyin kasuwa masu zango uku ɗaya bayan ɗaya, suka auna su a kan daifol a tsayi guda, suka wallafa sakamakon. Tsarin nasu shi ne darasin: eriyar kwatanci, tsayi ɗaya, ma'auni ɗaya. Cewa "na yi magana da Japan da ita" ba hujja ba ce, domin ranar da sama ta buɗe, ko wayar shanya ma tana kai saƙo.

Akwai kuma tashoshin gwaji 18 da ke warwatse a duniya, ciki har da 5Z4B a Kenya da ZS6DN a Afirka ta Kudu. Suna watsawa bi da bi a megahaz 14.100, 18.110, 21.150, 24.930 da 28.200, kowace tana dawowa bayan minti uku. Tasha takan faɗi lambarta, sannan ta yi ƙara sau huɗu: da wat 100, da wat 10, da wat 1, da wat 0.1. Tsakanin kowace ƙara da mai bi mata desibel 10 ne. Idan kana jin uku da eriya ta fuskance ta, ka juya baya ka koma jin ɗaya, ka san bambancin gaba da bayanka ya kai wajen desibel 20.

Ga masu sha'awar rubuta manhaja, akwai abin wasa mai daɗi. Injin lissafin NEC-2, wanda aka rubuta da Fortran a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore a Amurka, shi ne ke ƙarƙashin manhajar 4nec2 ta kyauta. EZNEC ma ta zama kyauta tun 2022. Fayil ɗin da NEC ke karɓa rubutu ne zalla, kowace waya layi guda mai farawa da GW. Ka canza tsayi daga 10 zuwa 20, ka ga hoton sigina ya kwanta a gabanka, ba ka sayi ko ƙusa ba. Ƙaramar na'urar NanoVNA kuma tana auna SWR, amma ka tuna ba ta san komai a kan riba ba.

Wanda ke son ya ji da kunnensa, ya buɗe burauzar wayarsa ya nemi WebSDR na jami'ar Twente da ke Holan. Rediyo ne na gaske da ake sarrafawa ta intanet. Ka sa shi tsakanin 14.150 da 14.350 da rana, ka zaɓi USB, za ka ji ana musayar lambobin kira.

Mu dawo kan rautarka

Dokar ba ta canza ba don an koma waya. A Najeriya 4G yana gudana a zanguna irin su megahaz 700, 800, 1800 da 2600. Tsawon igiya a 800 santimita 37 da rabi ne, a 2600 kuma santimita 11 da rabi. Daga 14 zuwa 30 na masu sha'awa ninki biyu ne da ɗan ɗori, daga 700 zuwa 2600 kuwa ya kusa ninki huɗu. Aikin eriyar rauta ya ma fi wuya. Shi ya sa idan ka buɗe farar robar nan mai siffar dala da ake sayarwa, log-periodic za ka tarar a ciki, kuma ribar irinta ta gaskiya takan tsaya wajen 8 zuwa 11 dBi.

To 35dBi fa? Farantin dish mai faɗin santimita 60 yana ba da kusan haka, amma a gigahaz 12, inda igiya santimita 2 da rabi ce. Don a samu wannan riba a megahaz 1800, sai faranti mai faɗin kusan mita 4. Abin da ya shiga jakar leda ba zai ba da ita ba. Ta 88dBi kuwa ba a ma maganarta.

Kafin ka saya, ka fara sanin zangon da layinka ke amfani da shi a unguwarku. Shafin saitin rauta yakan nuna shi: B3 shi ne 1800, B7 2600, B20 800, B28 kuma 700. Idan zango ɗaya kake kamawa kullum, Yagi da aka yanka domin shi za ta fi mai ɗaukar kowa da kowa riba. Idan kana sauya layi, log-periodic ta fi. Ka rage tsawon kebur iyakar iyawarka, domin a megahaz 1800 mita 10 na siririn kebur yana iya cinye sama da desibel 7, kusan duk ribar eriyar ke nan. Sau da yawa ɗaga rautar kanta sama ya fi. Idan tana da kafar eriya biyu, ka ba ta biyu. Sannan ka auna da lamba, ka bar layukan sabis na saman fuskar waya. A Android, cikin bayanan waya wajen matsayin SIM, akwai ƙarfin sigina da dBm. Daga -105 zuwa -95 ninki goma ne. Ka rubuta lambar kafin ka ɗaura eriya da bayan ka ɗaura, ka riƙa juya ta kaɗan-kaɗan kana jira lambar ta zauna.

Kafin a hau rufi

Sandar ƙarfe da wayar wutar lantarki ba sa haɗa hanya. Ka tabbata ko da eriyar ta faɗi ba za ta taɓa waya ba, kuma kada ka dogara da cewa an ɗauke wuta. Iskar farkon damina tana kayar da abin da aka ɗaure da ganganci, tsawa kuma tana neman abin da ya fi tsayi, don haka a haɗa turken da ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa, a cire kebur idan hadari ya taso. Sauraro ta intanet ba ya buƙatar komai, amma watsa saƙo a zangunan masu sha'awa sai da lasisi, kuma yin sa babu izini laifi ne. A Najeriya akwai ƙungiyar NARS ta masu wannan sha'awa, ita ce ƙofar da ta dace mai son shiga ya fara ƙwanƙwasawa.

Duk lokacin da aka nuna maka eriya, ta rediyo ce ko ta rauta, tambayoyi huɗu sun ishe ka: ribar nan dBi ce ko dBd, a wane zango aka auna ta, a wane tsayi za ta zauna, kuma da wane kebur za a jona ta? Mai sayarwar da ya kasa amsa biyun farko, ka riƙe kuɗinka.